MaZungu Ta Tashi Daga Katifar Takaba

A unguwar Katlehong, kusa da Johannesburg, babu mai kiranta Sebenzile sai takardar asibiti. MaZungu kowa ya sani, da sunan gidan ubanta, yadda ake kiran matan aure. Ita ce mai ɗinka wa matan coci rigunan taron Alhamis, kuma in ka ga kwalar wata ta tsaya cak, ba sai ka tambaya ba, aikinta ne. Gajeruwa ce, ga baki. In ta faɗa maka magana da safe, har magariba kana sosa wurin.

A Nquthu aka haife ta. Tana da shekara ashirin da biyu Velaphi Cebekhulu ya kai shanun aurenta, dogon mutum mai sanyin hali, direban bas a birni. Ranar da shanun suka shiga garke wata gwaggonta ta ja ta bayan ɗaki.

"'Yar nan, gidan nan fa suna rawa," in ji gwaggon. "Uwarsa da rawa ta mutu, hannu da ƙafa suna fizga ba kiɗa ba ganga. An ce jifa ne daga maƙwabta."

"Gwaggo, Velaphi zan aura, ba uwarsa ba."

Ta kuwa aure shi. Suka samu gida mai ɗaki huɗu, suka haifi 'ya guda, Londiwe, daga ita Allah bai ƙara ba. Shekara ashirin ba abin da ya taɓa haɗa su sai rigimar gishiri, shi yana so ya ji, ita tana cewa zai kashe kansa. Labari ya zo cewa ƙanwarsa ma ta fara rawa a ƙauye, MaZungu ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da taka kekenta.

Yana da arba'in da uku kafaɗarsa ta fara ɗagawa da kanta. Daga nan sai yatsu, sai ƙafa ta riƙa danna birki ba da izininsa ba. Kamfanin bas ya sallame shi, wai yana zuwa aiki a buge. A buge! Mutumin da ko giyar dawa ta ranar biki ba ya kurɓa. MaZungu ta je har ofishinsu ta wanke su tas, amma wanki bai mayar da aiki ba.

Babu inda ba ta kai shi ba. Boka ya ce kakanni ne suka yi fushi, aka yanka akuya. Wani mai wa'azi ya ɗaura masa koren zare a ƙugu, ya ba shi ruwan teku a jarka. Aka sake yanka akuya, sannan ta uku. Ciwo bai ko waiwayo ba. Ta cire maɓallai daga duk rigunansa ta sa roba, ta ɗinka matasai ta ɗaure a jikin ƙarfen gado don kada ya fasa gwiwar hannu. Kunun masara take dama masa, cokali ɗaya a baki, biyu a ƙirji.

"Kai dai ka samu baiwa," takan ce tana goge masa haɓa. "Shanu goma sha ɗaya kacal, ga mai girki, ga mai wanka, ga tela. Wallahi an cuci ubana."

Sai ya yi dariyar da ta rage masa, wadda ba ta da sauti.

A shekara ta tara wata nas ta gaya mata cewa a babban asibitin Johannesburg ana gwada wani magani a kan masu irin wannan rawar. Ranar MaZungu ba ta iya zura zare a allura ba. Motar haya suka hau, Velaphi yana shurin mutane, ita tana ba da haƙuri kujera kujera. Aka ɗebi jininsa, aka ce su dawo bayan mako shida. Ta dawo da shi cikin sabuwar rigar da ta ɗinka don wannan ranar.

Likitar mace ce, Dokta Phaladi, siririya mai tabarau, ba ta girmi Londiwe da yawa ba. Ta rufe fayil ta ɗora hannu a kai.

"Mama, ba zan iya sa Baba cikin gwajin ba."

"Ba shi da ciwon ne? Dube shi fa!"

"Yana da ciwo, amma ba wancan ba. A ido kamarsu ɗaya. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan abubuwa da ake kira furotin, kowanne da aikinsa. Waɗanda ake gwada wa maganin, wani furotin ne ya lalace musu, an san shi, an san siffarsa, shi aka nufa da maganin. Matsalar Baba daga wani furotin ce daban. Kuma kusan duk masu irin nasa mutanenmu ne, baƙar fata."

MaZungu ta ce, "Wato an ɗinka riga, amma ba da awonmu ba."

"Haka ne, Mama."

"To ku auna mu mana! Ga shi nan zaune, me kuke jira?"

Likitar ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa. Ta ce wannan awon ba ya yiwuwa a kan mai rai. Kafin a haɗa magani sai an san inda za a nufa, sai an ga abin da ya faru da furotin ɗin a cikin ƙwaƙwalwar kanta, kuma ƙwaƙwalwar masu irin wannan ciwon da aka taɓa dubawa kaɗan ce ƙwarai. In mutum ya yarda, bayan ya rasu sai a cire tasa da wuri, kafin masu jana'iza su yi wa gawa allura, a ɗinke kan yadda ba mai ganewa.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Baba ba zai amfana ba. Wataƙila 'ya'yan masu ciwon su amfana, wataƙila sai jikoki. Duk ɗan da mai wannan ciwon ya haifa, ko ya gada ko bai gada ba, rabi da rabi ne."

"Allah ya kiyaye! 'Yata lafiyarta ƙalau. Tashi mu tafi, Velaphi, mahauta muka faɗo wa."

Ta kama keken guragun da yake zaune a kai za ta juya, sai ya maƙale ƙafa a jikin tebur. Ta ɗauka fizga ce, ta ja, ya ƙi saki. Bakinsa ya yi ta kokawa, jijiyoyin wuya suka tashi, da ƙyar kalma ɗaya ta fito a gutsure.

"Lon...di."

Sau uku aka shafa masa tawada kafin ya iya dangwala yatsa a inda ake so, duk ya ɓata takardar amincewa a cire ƙwaƙwalwarsa. Likitar ta ce duk da haka, in ranar ta zo, sai matarsa ta sa hannu da kanta, in ba haka ba ba za su taɓa shi ba. MaZungu ba ta yi masa magana ba har suka isa gida. Da ta gaya wa Londiwe maganar gadon ciwon, yarinyar ta ce, "Ni ba wanda zai ɗebi jinina," ta fita.

Londiwe kitso take yi a wani shago kusa da tasha, kuma tsagarta kamar an ja da rula, har daga Vosloorus ake zuwa mata. Bana, ana jibi Ista, ta zaunar da uwarta a ƙofar kicin za ta yi mata kitson coci. Ana cikin yi MaZungu ta ji tsinken tsaga ya yi tsalle a fatar kanta. Ya sake yi. Da aka gama ta duba madubi, ta ga layi biyu sun karkace kamar hanyar tururuwa. Shekarar yarinyar talatin ba ɗaya. MaZungu ta ɗaura ɗankwali ta ce ya yi kyau, Londiwe ta ce to, kowacce ta kama gabanta. Bayan gida MaZungu ta shiga ta cusa tawul a baki don kada Velaphi ya ji.

Ya rasu cikin sanyin Yuli, lokacin hunturunsu, ranar Talata da hantsi, a gadon asibiti, bayan abinci ya bi masa ta huhu. Kafin azahar mata sun fitar da gado daga ɗakin, sun juya madubi, sun shimfiɗa katifa a ƙasa, sun kunna kyandir kusa da rigarsa. Aka zaunar da MaZungu, aka lulluɓe ta da bargo har ka. Kowa ya san ƙa'ida: daga wannan katifar ba ta tashi sai kewayawa, ba ta ɗaga murya, ba ta haɗa ido da namiji, har a kai shi kabari. Abin da take so sai ta raɗa wa tsohuwar da ke gefenta, tsohuwa ta faɗa.

Da la'asar Londiwe ta durƙuso ta sa baki a bargon.

"Mama, likitar nan ta kira. Ta ce sai kin je kin sa hannu kafin ƙarfe huɗu na gobe. Jibi da sassafe masu jana'iza za su ɗauke shi." Ta ɗan tsaya. "Ki bar shi kawai, Mama. Don wa za a yi?"

MaZungu ta kalli hannun 'yarta ta ƙasan bargo. A cikin aljihu yake.

Ba a yanke komai a gidan mutuwa sai babban wa ya iso, shi kuwa Baba Khulekani, wan Velaphi, yana can Nquthu, sai washegari da rana tsaka motarsa ta tsaya. Dattijo ne mai shekara sittin da biyu wanda ciwon gidansu ya tsallake, ya shigo da sandarsa da wani reshen magaryar kura naɗe a jarida, wanda za a je da shi a ɗauko kurwar mamaci daga inda ya cika. Sai da aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka yi waƙa uku, agogon bango yana ta cin lokaci. Ƙarfe biyu ta gota kafin MaZungu ta samu raɗa wa tsohuwa, tsohuwa ta zaro ido, ta maimaita da muryar wadda aka sa ta ɗauki garwashi.

Baba Khulekani ya tsaya a bakin ƙofa, ya kira ta makoti, yadda dangin miji ke kiran matar da aka auro musu.

"Makoti, kunnena ya tsufa. A fasa kan ƙanena kamar kabewa?"

Ta raɗa. Tsohuwa ta ce, "Wai shi ya dangwala da hannunsa."

"Hannun da ba ya riƙe cokali? Haba, makoti! Ya isa wurin kakanni da kai fanko, su tambaye shi ɗan wane ne, ya ce musu me? Wa zai gane a cikinsu? Da me zai tuna da mu ya roƙa mana?" Ya doka sandarsa a ƙasa. "Ni na binne uwarmu. Ni na binne ƙanwarmu. Shekara goma sha ɗaya ciwon nan yana gwaguyar yaron nan, ɗan abin da ya bari ma sai a ba Turawa su sa a kwalba?"

"Likitar baƙa ce kamar ni da kai, Baba!"

A fili ta faɗa, ba ta bi ta kan tsohuwa ba. Wata ta ce, "Wayyo, ta yi magana!"

"Ko shuɗiya ce," in ji shi. "Na gama. Cikakke zai tafi."

Kada wani ya ce dattijon mugu ne. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma abin da ya sani ke nan na yi wa ɗan'uwa alheri na ƙarshe. Ita ma kanta MaZungu ta yarda da rabin maganarsa, shi ne abin da ya fi cinta. In Velaphi ya isa can bai gane uwarsa ba fa? In ya zo mata a mafarki yana laluben kansa?

Ana cikin haka Londiwe ta shigo da gwiwoyi, ɗauke da faranti mai kofunan shayi na baƙi. Ta kai gaban baffanta za ta miƙa, hannun dama ya fizge. Kofi ya tashi ya daki bango, shayi ya wanke takalmin dattijon.

"Allah sarki, baƙin ciki ne," in ji mata. "Marainiya, je ki huta."

MaZungu ta ɗaga gefen bargo ta dubi Baba Khulekani, abin da bai halatta ba. Shi ba ita yake kallo ba, hannun yarinyar yake kallo, ya kuwa san wannan fizgar, ya ganta a jikin mutum uku. Ya kawar da kai ya fita tsakar gida.

Agogo ya ce uku saura kwata.

Ta dafa bango ta miƙe. Ƙafafunta sun mutu da zama, ta yi tangaɗi, ta tsaya. Tsohuwa ta riƙe mata zane tana cewa, "MaZungu, kin haukace? Za ki ja wa gidan nan bala'i!" Ta fizge.

"Bala'in ai ya riga ya shigo, har shayi yake rabawa."

Haka ta fita da bargon takaba a ka da silifas ɗin wani, rana tsaka, ta ratsa maza a tsakar gida suna darewa. A titi mata suka riƙa jan 'ya'yansu cikin gida. Mota biyu suka rage gudu, suka ga bargon, suka wuce. Ta uku ta shiga gabanta ta tsaya a tsakiyar kwalta, direban ya taka birki yana zagi.

"Mama, mutuwa kike nema?"

"Na baro ta a gida. Buɗe min."

Ta wuce kujerar can baya, inda mai takaba ke zama don kada ta ba kowa baya. Duk inda jar wutar titi ta tsayar da su sai ta ji kamar ta sauka ta tura motar. Huɗu saura minti bakwai ta faɗa ofishin Dokta Phaladi tana haki. Likitar ta ga bargon, ta san abin da aka taka kafin a zo, ta miƙe tsaye ta miƙa mata takardar. MaZungu ta sa hannu, ko kaɗan alƙalamin bai girgiza ba.

Da ta koma ta tarar da katifar, amma matan da ke kewaye da ita sun ja baya kamar taku biyu. Babu wanda ya zage ta. Da sun zage ta ma da ya fi sauƙi.

Ranar Juma'a da safe, ranar ɗauko kurwa, Baba Khulekani ya zo bakin ƙofa ya ajiye reshen nan a ƙasa, ya tura mata da sanda.

"Aikina ne, amma ban san inda zan je in kira shi ba. Gado ko kwalba? Ke kika raba shi, ke za ki nemo shi." Ya juya, sannan ya ƙara ba tare da ya waiwayo ba, "Ki tafi da yarinyar. Kada ki bari ta ɗauki abu mai zafi."

Suka fara zuwa gadon da ya cika, sannan likitar ta kai su wani ɗaki a ƙasan bene, cike da manyan firiza suna gurnani. Ta nuna ta uku daga ƙofa.

"Kafin in kira shi, 'yata, don in na kira shi bakina ya rufu," in ji MaZungu. "Shekara nawa kafin a samu magani?"

"Goma. Ko fiye. Mama, mai yiwuwa ne ma mu duba ba mu samu inda za a nufa ba."

"Shi sha ɗaya ya yi. Ki riƙa tunawa da wannan in kin ji barci."

Ta durƙusa gaban firizar ta kira shi da sunansa da na kakanninsa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta yi abin da ba a taɓa jin wata ta yi ba, ta karya reshen biyu, ƙaya ta shige mata babban yatsa.

"Velaphi, ni ce. Rabinka zai bi ni gida wurin uwarka. Rabinka ya tsaya nan. Shekara sha ɗaya kana kwance ina ba ka a baki, hutun ya isa haka. Ka buɗe wa yarinyar nan duk abin da take nema, kada ka ɓoye mata komai, ka ji ko? Ka nuna mata inda abin yake."

Likitar ta manna rabin reshen a ƙofar firizar da salatif. MaZungu ta miƙe da ɗaya rabin. Daga nan har gida ba ta da izinin waiwaye, ba ta da izinin yi wa mai rai magana ko kalma ɗaya. In ta yi, kurwar ta sauka a wurin, ta ɓace a hanya.

"Velaphi, ga matakala, za mu hau. Ga ƙofa. Ga mota, shiga."

Londiwe ta biya kujera uku. Direban ya ga reshen a kujerar tsakiya, ya kashe rediyo, fasinjoji suka yi shiru. Mota ta hau babban titi.

"Velaphi, gada ce za mu haye."

A kan gadar hannun Londiwe ya tashi ya bugi bayan kujerar gaba, har hular wani tsoho ta faɗi. Ta kama hannun da ɗayan ta danne a cinya. Ya sake fizga. Ta zauna a kansa.

"Mama," ta ce a hankali.

MaZungu ta kafe ido a gaba.

"Mama, ba baƙin ciki ba ne. Ba sanyi ba ne. Tun kafin Ista yake yi. Mutum biyu sun daina zuwa kitso." Ta juyo ta kalli uwarta. "Tsoro nake ji, Mama. Don Allah ki ce wani abu."

Wata huɗu MaZungu tana jiran wannan maganar, sai ga ta ta zo a kan gada, a inda bakinta yake ɗaure. In ta amsa, ta zubar da mijinta a tsakiyar titi bayan ta riga ta raba shi biyu. In ta yi shiru, 'yarta ta faɗi abin da ya fi komai nauyi ba wanda ya karɓa. Hawaye ya bi ta ƙasan bargo ya jiƙa mata kwala. Ta sunkuya kan reshen, ta ɗaga murya yadda duk motar za ta ji.

"Velaphi, ka gaya wa 'yarka na sani. Tun ranar kitson nan na sani. Ka gaya mata don ita na tashi daga katifa, kuma ko sau goma ne zan tashi. Ka gaya mata matasan gadonka suna nan ban zubar ba, hannuna ma bai gaji ba. Ka ce mata na iya aikin nan, ba a kanta zan koya ba."

Londiwe ta kifa kai a kan kujerar da ba kowa, kusa da ƙayar, tana kuka kafaɗarta tana ɗagawa. Tsohon da hularsa ta faɗi bai ɗauka ba, ya bar ta a ƙasa. Motar ta sauka daga babban titi ta rage gudu.

"Riƙe da kyau, Velaphi," in ji MaZungu. "Ga kwanar gida."